Vinland Saga zango na 2: jini na je nema, na tarar da gonar alkama

Wanda bai kalli zango na biyu ba kuma yana da niyya to ya dakata a nan, don fasa ƙwai zan yi gaba ɗaya, kar wani ya zo yana zagina daga baya.

Ni dai Askeladd, shugaban wasu mayaƙan Viking, da Thorkell, wani ƙato mayen faɗa, su ne suka riƙe ni a zango na farko na wannan katun ɗin Japan, wanda kamfanin Wit Studio suka yi a 2019. Sara, suka, jiragen ruwa, 'yan Viking suna cin Ingila da yaƙi wajen 1013, ga jarumin shirin Thorfinn ɗan mitsitsi da wuƙaƙe biyu yana bin Askeladd wanda ya kashe masa uba kamar jela, yana yi masa aiki don kawai a ba shi damar fito-na-fito. Askeladd kuwa har yanzu ban ga mugun da ya shiga raina irinsa ba, mutum ya yaudari kowa, ya sare kan sarki Sweyn a gaban jama'a, duk don ya tsare Wels ƙasar uwarsa. Da ya mutu a fita ta 24 na ce shi kenan an kashe labari. Sai kuma 'yan guruf ɗinmu suka ƙara kashe min gwiwa, wai zango na biyu noma ne zalla, wai wani kamfanin daban, MAPPA, sun karɓa a 2023 sun maida shi shirin manoma, wani ma cewa ya yi barci ya dinga kwashe shi. Haka na je wajen mai turi ba da wani ɗoki ba, na ce ya zuba min duka 24 ɗin tunda na riga na biya.

Kuma gaskiya suka faɗa, noma ne. Sai dai ba su faɗi sauran ba.

An buɗe da Einar, wani saurayi daga arewacin Ingila da aka kashe masa uwa da ƙanwa aka saida shi bawa a Denmak, ya faɗa gonar wani attajiri Ketil, can ya tarar da Thorfinn ya zama gawa mai tafiya, gashi buzu-buzu, ido babu komai a ciki, ba ya magana sai dole. Yarjejeniyar da Ketil ya yi musu ita ce su sare daji su maida shi gona, su shuka alkama, ya saya a hannunsu, in kuɗin ya kai su fanshi kansu. Duk wanda ya taɓa jin labarin murgu da fansar kai a rinjojin ƙasar nan kafin dokar 1936 ba zai ji abin baƙo ba, kuma wannan ne ya fara sa na gyara zama. Sai ga shi ina kallon mutum biyu suna fama da kututture, sun sare bishiya amma saiwa ta ƙi fita, barori sun hana su doki don baƙin ciki, wai bawa zai yi gonar kansa, har sai da tsoho Sverkel uban Ketil ya ara musu nasa a kan su dinga yi masa aikace-aikace. Wallahi ranar da dokin nan ya tumbuke kututturen farko murnar da na yi ta fi wadda na yi a duk faɗan Thorkell. Ban san yaushe na zama haka ba.

Amma ba gonar ce ta sa na zauna rubutu ba, Ketil ne. Wannan mutumin ya hana ni sukuni.

Da farko za ka ce ai ba a taɓa yin ubangida irinsa ba. Ba ya zagi, ba ya duka, yana shiga gona da kansa, yana ba bayi hanyar 'yanci, har Pater da yake riƙe masa lissafi tsohon bawansa ne. Akwai fitar da aka kamo wasu yara biyu, wa da ƙanwa, sun saci abinci saboda yunwa, kowa ya tsaya yana jiran hukunci, babban ɗansa Thorgil yana cewa a sare hannu, shi kuwa Ketil kana ganin fuskarsa ka san so yake ya ce ku tafi na yafe amma yana tsoron a ce maigida ya yi laushi. Ƙarshe ya karɓi sanda ya daki yaron da hannunsa, da dare kuma ya je ya kifa kai a cinyar Arnheid, baiwarsa kuma ƙwarƙwararsa, yana kuka kamar yaro yana gaya mata sunan jarumtar da ake yi masa kirari da shi duk ƙarya ne, bai taɓa zama gwarzon yaƙi ba. A lokacin tausayinsa na ji, na rantse. Na ce wayyo bawan Allah, mutumin kirki ne duniya ta matse shi. Ko kaɗan hankalina bai kai kan fuskar Arnheid ba, wadda take shafa masa kai tana kallon wani waje, ita da ba a tambaye ta ko tana son zaman ba, ita da uwargida take mari da safe maigida ya yi kuka a jikinta da dare.

To sai ga mijinta Gardar ya ɓullo, shi ma bawa ne a wata gona, ya kashe ubangidansa ya gudo rabin hankalinsa ya tafi, yana cewa ta zo su koma gida wajen ɗansu Hjalti, yaron da ya daɗe da mutuwa. Ta taimake shi, ga ta da cikin Ketil. Gardar ya mutu a kan keken doki yana ganin kamar ya iso ƙauyensu, nan ma sai da na tsayar na fita waje na sha iska. Ketil ya dawo daga fada a ruɗe, sarki Canute ya shirya masa gadar zare zai ƙwace gonar, ya shigo gida aka ce masa Arnheid ta yi yunƙurin guduwa. Mutumin nan da ya yi kuka don ya daki ɓarawon abinci, shi ne ya ɗauki sanda ya rufe mace mai ciki da duka tana ɗaure, tana gaya masa cikinsa ne a jikinta, bai tsaya ba sai da Snake, shugaban masu gadin gonar, ya riƙe shi. Kuma abin da ya fi ci min rai ba a canja shi ya zama dodo ba, babu wani baƙin hayaƙi ko jan ido irin na sauran katun, Ketil ɗin nan ne dai na jiya, matsoraci, mai son a so shi, kawai dukiyarsa ce ta yi ƙoƙarin tafiya da ƙafarta. Kirkin nasa dama na mai kaya ne ga kayansa. Na koma baya na sake kallon fitar yaran nan, wlh komai yana nan a fili tun lokacin, marubucin labarin Makoto Yukimura bai ɓoye komai ba, mu ne muka ga dattijo mai sanyin murya muka ba shi shaida. Mun san irinsu kuma, alhajin da kowa a unguwa yake yabo, ka tambayi 'yar aikin gidansa ka ji.

Mutuwarta a fita ta 20 ba zan ma iya bayani ba. Ana ce mata an samu jirgin Leif, wani tsoho abokin uban Thorfinn, za a fitar da ita, ita kuma tana tambaya ko inda za a je babu yaƙi babu cinikin bayi, in akwai to ita ba za ta ba. Einar yana ihu, Thorfinn yana ba ta labarin wata ƙasa can bayan teku, wato Vinland. Kiɗan Yutaka Yamada a wajen nan bai yi min adalci ba sam, ƙanwata ta shigo ta ganni ta ce yaya lafiya, na ce yaji ne ya shiga idona, ta kalli ɗakin babu ko kwano.

Har nan da an ce in ba da maki 10 zan bayar ban ko yi tunani ba. Daga nan ne raina ya fara ɓaci.

Naushi 100 da Thorfinn ya tsaya ya sha a hannun Drott, wani ƙaton sojan Canute, don a bar shi ya ga sarki, eh ya yi kyau, na yarda, musamman da aka nuna ba tsayawa kawai yake ba, yana karkatar da jiki yana rage ƙarfin dukan, wato gwanintar kisan da ya koya ce ta koma ta rashin ramawa. Maganar ubansa Thors ta cewa ba shi da maƙiyi ko ɗaya, wadda ya ji yana ɗan shekara 6 bai gane ba, a nan ta fito daga bakinsa da kumburarriyar fuska. Duk na ji wannan. Amma Canute fa? Mutumin da ya sa wa ɗan'uwansa Harald guba don ya haɗa Denmak da Ingila, wanda yake hira da yankakken kan ubansa Sweyn, wanda ya taso da mayaƙa ya karkashe manoman da Ketil ya tara da alkawarin yafe bashi, shi ne za a yi hira da shi a bakin teku, Thorfinn ya ce shi in aka matsa masa guduwa zai yi, sarki ya ƙyalƙyale da dariya ya ce a kwashe kaya a koma, har ya fasa ƙwacen gonaki ya rage runduna. Haba. Ina laifin a nuna ya yi kwana biyu yana juyi. Kuɗin da zai biya sojan da ya sa shi ƙwacen tun farko daga ina ya fito kuma? Canute na gaske ya hau Ingila a 1016 ya riƙe har 1035, ba da dariya ya riƙe ba. Na ji daɗin ɗan wasan da aka yi da tsohon labarin nan nasa na umartar igiyar ruwa ta tsaya, amma bai biya ni ba.

Sannan Ketil yana nan da ransa. An sare shi a yaƙi bai mutu ba, ya zama abin tausayi a kwance, ƙaramin ɗansa Olmar ya karɓi gida, gona ta tsira. Arnheid tana cikin ƙasa. Na san za a ce ai haka duniya take kuma saƙon kenan, ba a rama ba, har Einar da ya tashi kashe shi Thorfinn ya riƙe shi. To ni ban ce a kashe shi ba, amma ya zama macen da ta fi kowa shan wuya aikinta a labarin shi ne ta mutu don maza biyu su samu dalilin tafiya Vinland, wannan ya tsaya min a wuya. Duk zangon mace nawa ce ma take magana? Sai a fitar ƙarshe da aka koma Aislan ƙasar su Thorfinn, yayarsa Ylva ta tare shi da naushi bayan shekarun da ya ɓata, nan ne kaɗai na yi dariya da gaske, kuma ita ma minti nawa aka ba ta.

Zane kam ba laifi. Masu cewa MAPPA sun ɓata shi ban san me suke kallo ba, darakta ɗaya ne Shuhei Yabuta a duka biyun, fuskoki sun fi nauyi, alkama tana kaɗawa kamar ka taɓa, mafarkin Thorfinn a fita ta 9 inda gawawwakin da ya kashe suke jan ƙafarsa Askeladd yana ce masa ya hau, wannan ko fim ɗin mutane albarka. Wajen dawakai da taron yaƙi ne wani lokaci kake ganin hannun kwamfuta, ya ɗan yi tauri, shi kenan.

Zafin abin ya sa na yi odar manga ɗin, wato littafin zanen da aka ɗauko shirin daga cikinsa, na Turanci mai kauri wanda ake haɗa juzu'i biyu a bango ɗaya, na 5 da na 6, wajen wata mai saida littattafai a intanet. Kuɗin kun san yadda yake da wannan dalar, ba sai na faɗa ba matata tana karanta abin da nake rubutawa. Aka ce kwana kaɗan, ya zama makonni, kullum haƙuri yallaɓai kaya suna hanya, da ya iso tasha kuma an naɗe shi a leda ɗaya tal, kusurwar na 6 ta lotse, wani abu mai kama da manja ya taɓa gefen shafukan ƙarshe. Na tura mata hoto ta turo min hannun addu'a, shi kenan maganar. Amma da na buɗe, daga dama zuwa hagu kamar ajami don haka ban sha wuya ba, sai na ga abin da allon waya ya cinye min. Yukimura ya fara shi a 2005 a mujallar mako-mako, bai jure saurin ba ya koma ta wata-wata, Afternoon, kuma a shafukan gonar kana ganin amfanin hakan, hannayen mutane kawai ka kalla, kanta da tabo da ƙasa a farce, hannun Sverkel daban na Olmar ɗan gata daban. Fuskar Arnheid tana kallon gefe ma ta fi ciwo a takarda don babu kiɗa, babu mai gaya maka abin da za ka ji.

Maki dai 8 na tsaya, da 9 ne, tuna dariyar Canute ya sa na cire ɗaya. In sara da suka kake so zauna a zango na farko abinka ba wanda zai ga laifinka. Labarin ya ƙare a mujalla a 2025, don haka sauran littattafan zan bi a hankali, amma ba wajen waccan baiwar Allah ba, wanda ya san mai kawo na 7 a kwali ba a leda ba ya taimaka ya gaya min.