Gilashin maƙalawa ko sandar ɗora waya? Ki sayi sandar

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin ƙananan gilasan nan da ake maƙala wa kyamarar waya da sandar ɗora waya mai ƙafa uku, don hotunan ɗinkinki, ni dai sandar zan ce ki saya. Duka biyun na taɓa kashe musu kuɗi, ɗaya ce kawai nake amfani da ita har yau.

Dambun nama da yajin daddawa nake sayarwa. A da, waya a hannu ɗaya, roba a ɗaya hannun nake ɗauka, kullum hoton a karkace, ga inuwar hannuna a kan kayan. Ranar da ƙanwata ta kawo mini sandar, da hantsi ne, na shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga, na ɗora faifai, na kafa wayar tana kallon ƙasa. A ranar na fara ganin hoton tun kafin in ɗauke shi. Wayar na tsaye wuri ɗaya, hannuwana biyu a sake, sai na hango bakin silifas a kusurwa, na ɗauke. Na ga bokiti ya leƙo ta gefe, na janye. Na matsar da robar dambun gefe kaɗan, na zuba ɗan barkono da citta kusa da ita. Da na sa hoton, wata tsohuwar kwastomata ta kira tana tambaya ko mai hoto na ɗauko. Wallahi na ji daɗin maganar nan, kuma wayar dai ita ce wadda na saba ɗauka da ita.

Amfanin sandar ke nan: kayan kike juyawa, wayar na zaune, ido kuma ya samu sukunin lura. Ki haɗa da layukan nan da ke raba fuskar kyamara gida tara. A iPhone suna cikin setin waya, ƙarƙashin Camera, inda aka rubuta Grid. A Samsung da Tecno da Infinix kuwa cikin setin kyamarar kanta za ki same su. Layuka biyu a tsaye, biyu a kwance, sun haɗu a wuri 4. Abin da kike so ido ya fara sauka a kansa, kamar aikin wuyan riga, ki ajiye shi a ɗaya daga cikin mahaɗar nan. Layin kwance kuma ki daidaita shi da gindin bango, karkata ta ƙare.

Tunda tufafi ne naki, ki kula da tsayin da kika kafa wayar. In kika ɗauka daga sama, rigar za ta fito gajeriya, kafaɗa ta yi faɗi. Ki sa wayar daidai ƙirji ko ƙugun mutum-mutumin da kika sa wa rigar, a miƙe, ki ja da baya. Kada ki taɓa maɓallin 0.5 ɗin nan da ke fuskar kyamara, mai faɗaɗa hoto, yana miƙar da duk abin da ke gefe, hannun riga ya zama wani iri. Ki tsaya a 1, ko 2 in wayarki na da kyamarar jawo nesa ta gaske. Sai ki sa agogon kyamara, wanda ke jira kafin ya ɗauki hoton da kansa, a daƙiƙa 3 ki cire hannunki, don ko danna maɓallin kaɗai yana girgiza hoto. Ki bar fili sama da ƙasa da gefe, saboda Instagram da status ɗin WhatsApp kowanne da girman hoton tsayensa, in kika daidaita hoton da su za a iya cin wani yanki. Lokacin hunturu ma ki riƙa fitar da kayan tsakar gida, hazo yana tausasa rana, inuwa ba ta yin kaifi.

Gilasan kuwa, na kusa-kusan zai iya nuna miki zaren ɗinki, iyakarsa ke nan. Sauran kuwa duhu suka riƙa sa mini a kusurwoyi huɗu na hoton, gefen hoto ya dushe, abin maƙala gilashin kuma ba ya zama daidai a wayar da kyamarorinta ke cunkushe wuri ɗaya.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Hoton farin wata ko na tsuntsu da suke nunawa a tallar gilasan nan, sau da yawa da babbar kyamara aka ɗauka. Da shi aka ja ra'ayina, da na koma shagon aka ce ba a mayar da kaya. Wasu kuma da sun ji kina maganar hoto sai su ce wayarki ce ba ta da kyau, su miƙo miki mai megafiksel 108, wato mai ɗigon hoto miliyan 108. Irin wannan kyamara tana dunƙule ɗigo 9 su zama 1, hoton yau da kullum ya fito a megafiksel 12, kuma ba za ta ɗauke miki silifas daga kusurwa ba. Akwai ma wayoyi masu araha da wasu zagayen kyamarar da ke bayansu ado ne kawai. Ki buɗe kyamara, ki rufe kowanne da yatsa ki gani.

Sandar ma kada ki karɓa a kwali a rufe. Ki sa a buɗe, ki ware ƙafafun, ki ɗora wayarki da rigarta, ki ɗan tura da yatsa. In wuyan ya sunkuya da kansa, ki ajiye musu. Ki nemi wadda tsayinta ya kai ƙirjinki, wadda kanta ke juyawa tsaye da kwance, kuma yana iya kallon ƙasa don ranar da za ki shimfiɗa yadi ki ɗauka daga sama.