Tsohuwar Charger ko sabuwar Hellcat: wacce ta fi a filin bajekoli?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli bidiyon wani bajekolin motoci a Amurka, ka ga jama'a sun yi dafifi a kan wata Dodge Charger ta 1969, ga sabuwar Dodge Challenger Hellcat a gefe tana walƙiya amma ba mai waiwayarta. Ka tambaya: in dai sabuwar ta fi gudu, me ake kallo a jikin tsohuwar?

Bari in fara da inda ba gardama. A kan kwalta, sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau. Motocin nan da Amurkawa ke wa laƙabi da masu ƙwanji sun samo asali ne a 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas, lita 6.4, ya ɗora wa matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Nan take Ford da Chevrolet da Dodge da Plymouth suka shiga gasar. Injin Hemi 426, babban injin da ake saka wa Dodge da Plymouth, an rubuta masa ƙarfin doki 425, Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970 kuwa har 450. To Hellcat da ta fito a 2015 tana da 707, 'yar'uwarta Challenger Demon ta 2018 ta kai 840 da man tsere, Demon 170 ta 2023 kuma 1,025. Tazarar ma ta fi yadda lambobin suka nuna, domin kafin 1972 ana auna injin ne tsirara, ba salansar mota ba sauran kayan da ke rage masa ƙarfi. A tseren kwatan mil, wato mita 402, gwanayen wancan zamani kan ci daƙiƙa 13 zuwa 14. Demon ta 2018 ta yi shi cikin 9.65.

Ga batun tsayawa kuma. Da yawa daga cikin tsofaffin birkin ganga gare su, tayoyin sirara, ba jakar iska, sitiyarin yana da wasa. Ka taka wuta ta tashi kamar an tsokani zaki, amma in kwana ta zo sai addu'a.

To amma filin bajekoli ba filin tsere ba ne. Motar tsaye take, bonet a buɗe, abin da ido ya gani da labarin da ke bayanta shi ne jarinta. A nan ne tsohuwar ke cin kasuwarta.

Leƙa cikin bonet ɗin Charger ta 1969, komai a fili yake. Ga kafireto zaune a saman inji, ga wayoyin fulogi takwas, ga bel, ga fanka, har kana hango ƙasa ta gefen injin. Duk bakaniken da ya saba da kafireton Peugeot 504 zai gane abin da yake kallo. Mai ita ya murza makulli, motar gaba ɗaya ta ɗauki rawa, ƙarar na dukan ƙirjinka, warin ɗanyen fetur ya cika wurin. Ka koma kan Hellcat, sai ka tarar da wayoyi da kwamfuta da murfin roba, sai na'urar da ke ɗura wa inji iska. Aikin injiniya ne na ban mamaki, amma an lulluɓe shi, ba ya ba ido abinci.

Sai kuma ƙaranci. Zamanin tsofaffin bai wuce shekara goma ba. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi ga matasa masu irin waɗannan motoci, dokar tsaftace iska ta 1970 ta matsa wa kamfanoni, aka koma fetur marar dalma aka rage wa injuna matsi, sannan rikicin man fetur na 1973 ya ƙarasa su. Waɗanda aka ƙera, wasu sun ƙare a haɗari, wasu tsatsa ta cinye, musamman a jihohin da ake watsa gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara. Pontiac da Plymouth ma kansu babu su yanzu. Shi ya sa Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama, wadda goma sha kaɗan kawai aka ƙera, ta tashi dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum na 2014.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake tantance su a manyan taruka, irin wanda ake yi duk Nuwamba a Rosemont kusa da Chicago. Za ka ga an shimfiɗa madubai a ƙasa don a ga cikin motar ba tare da an durƙusa ba. Alƙali na riƙe da tocila yana duba lambar da aka buga a jikin inji, ya gwada ta da lambar motar, don ya tabbatar injin da ta baro masana'anta da shi ne. Wani mai motar zai nuna maka wata tsohuwar takarda da ta yi ja, an sa ta a leda kamar takardar gado. Takardar masana'anta ce da ma'aikata suka cusa ƙarƙashin kujera fiye da shekara 50 da suka wuce, tana ɗauke da jerin duk abin da aka saka wa motar. Dattijon da ya kwashe shekaru a gareji yana neman noti irin na asali, idan ya fara ba ka labari, ba ka son ya daina. Mai Hellcat kuwa, galibi labarinsa gajere ne: ya je wurin dillali ya biya.

Kada ka ɗauka na raina sababbin. A Woodward Dream Cruise, taron da ake yi tun 1995 a ranar Asabar ta uku ta watan Agusta a yankin Detroit, ba ajiye motoci kawai ake yi ba, tuƙa su ake yi a cunkoso cikin zafi. Nan za ka ga tsohuwa a gefen titi, lagireto na tururi, mai sabuwar Ford Mustang ya wuce cikin sanyin na'ura hankalinsa kwance. Tsofaffi masu tsada da yawa a tirela ake kawo su, sababbin kuwa da ƙafarsu suke zuwa daga wata jihar su koma. Su ne kuma suke jawo matasa cikin harkar, tunda ba kowa ke da kuɗin Hemi ta asali ba. Hasali ma kamanninsu aro ne: Mustang ta 2005, Challenger ta 2008 da Chevrolet Camaro ta 2010 duk surar iyayensu aka kwaikwaya. Akwai kuma 'yan tsakiya, masu ɗaukar tsohon jiki su saka masa sabon inji da birki na zamani. Masu ra'ayin asali na jin haushinsu, ni kam ina ganin sun yi dabara, muddin ba motar da ta yi ƙaranci suka yanka ba.

Layin sababbin ma ya fara canza daraja. A Disamba 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro, kuma Charger Daytona da Dodge ta fitar bayan nan ta lantarki ce, har sai da aka haɗa mata na'urar da ke kwaikwayon rurin inji. Ina kyautata zaton Hellcat ɗin da ka ga an yi wa ko-in-kula, in mai ita ya adana ta da takardunta, wata rana ita ma za a shimfiɗa mata madubi.

In tuƙin yau da kullum kake nufi, ba ni Hellcat. In kuwa awa ɗaya kawai aka ba ni a filin, gaban waccan Charger ɗin za ka same ni, ina jiran mai ita ya tada inji.