Yaya, maganar kujerar motar Ummi da kika ce na duba miki

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun tashi lafiya, ya Mama da jikin nata, ya su Ummi da Baffa da babansu. Mu nan Mancesta alhamdulillahi sai sanyi da ruwan da baya gajiya. Naga saƙonki tun ranar Laraba, hoton matashin nan na ɗaga yaro a mota da kika turo kina tambaya ko shine irin wanda Abba yake zama a kai, nace bari dai na zauna na rubuto miki a tsanake don idan na yi miki a murya rabi zan manta. Dan Allah karki siya wannan na hoton tukunna, ki karanta nan ki gama.

Nima irinsa na fara siya wallahi. Lokacin da Abba ya fi ƙarfin kujerarsa ta farko mai ɗamara biyar ɗin nan, kafaɗunsa sun wuce ramin ƙarshe, sai na shiga intanet naga wani matashi marar baya kuɗinsa bai kai fam goma ba, nace ai shikenan tunda dai ɗaga yaro ake so ayi. Sati biyu muna amfani dashi. Wata ranar Asabar muna dawowa daga Bradford da daddare yaron ya yi barci, na waiga na ganshi ya karkace gaba ɗaya kansa ya faɗo wajen ƙofa, bel ɗin ya zame daga kafaɗarsa ya koma kan wuya, ana haka wata mota ta shigo mana a shataletale babansu ya taka birki da ƙarfi. Ba mu daki kowa ba, amma da muka iso gida na cire masa riga sai ga jan layi kwance daga ƙasan kunnensa zuwa maƙogwaro kamar an zane shi da tsumagiya. Daren nan ban yi barcin kirki ba ina ta tashi ina duba numfashinsa. Birki kawai fa aka taka Yaya.

Washegari na juya matashin nan ina neman sitikar da ake cewa a duba, babu komai a jikinsa, ko sunan kamfani babu. Daga nan ne na tsaya na koyi abin da kyau.

Kinga abin da ban gane ba tun farko shine ita wannan kujerar da suke kira busta ba ita ke riƙe yaro ba, bel ɗin motar ne yake riƙe shi. Shi kuma bel an yi shi ne don jikin babba. Wani injiniyan kamfanin Volvo a Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro bel mai ratsa ƙirji da cinya a 1959, kuma su Volvon ne dai suka fito da matashin ɗaga yara a 1978 da suka ga bel ɗin baya zama daidai a jikin yaro. Idan ke kika ɗaura, na ƙasan yana kwanciya kan ƙashin ƙugunki, na saman ya bi ta tsakiyar kafaɗa, duk kan ƙashi. Yaro kuwa ƙafarsa gajera ce, gwiwarsa bata kai bakin kujera ba, sai ya zamo gaba don ya lanƙwasa ta, da ya zamo sai bel ɗin ƙasan ya hau kan tumbinsa inda babu ƙashi ko ɗaya, hanji ne da hanta da saifa, na saman kuma ya dawo wuya. Shi yasa kike ganin Ummi tana tura bel bayanta ko ta cusa shi ƙarƙashin hammata, ba rashin ji bane, cin wuyanta yake yi. Kuma wannan turawar ita ce mafi muni, don in aka yi karo jikin yaro ninkewa yake kan bel ɗin cikin. Aikin busta kenan, ta ɗaga shi ta saita masa bel kan ƙashi.

A nan Ingila doka ce ba ra'ayi ba. Tun 2006 yaro dole ya zauna a kujerar yara har sai ya kai shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa, kuma direba ake kamawa, in abin ya kai kotu tarar tana iya kaiwa fam 500. A Jamus ma sun fi mu tsanani, su sai yaro ya kai santimita 150 ko shekara 12. Akwai ɗan sassauci a tasi idan direban bashi da kujera, yaron da ya kai shekara 3 zai iya zama a baya da bel ɗin manya, amma ni raina baya kwanciya da hakan, in tafiyar mai nisa ce gara mu hau bas ko jirgin ƙasa. Shi kuma marar bayan nan irin na hotonki, tun watan Maris na 2017 duk sabon samfurin da za'a fitar ba'a yarda a bashi lasisi ba sai don yaron da ya wuce santimita 125 kuma nauyinsa ya haura kilo 22. Abba lokacin 108 ne tsawonsa. Ummi kuwa nasan bata kai shi ba.

Na je Halfords, wani babban shagon kayan mota da kekuna ne da suke da rassa ko'ina, abin da ya burge ni ba kayan bane, yadda suka karɓe ni ne. Matar da ke aiki a shagon bata fara da tambayar nawa zan kashe ba, ta tsayar da Abba jikin bango ta auna tsawonsa, ta tambayi irin motarmu, sannan ta ɗauko kujera uku muka fita da ita har wajen ajiye motoci cikin yayyafi ta ɗora ɗaya bayan ɗaya yaron yana hawa yana sauka. Ta farkon mai tsadar ce, tana da kyau sosai amma faɗinta ya rufe inda ake soka bel, sai kin cusa hannu kina lalube kamar mai neman allura a buhu, tace min wannan zaki gaji da ita wata rana ki ce bari dai mu tafi haka tunda nan kusa ne. Gaskiya ta faɗa. Ta biyun ta zauna daram, ta ja matokarin kan sama har ya rage kamar yatsu biyu tsakaninsa da kafaɗar Abba, ta zura bel ta cikin ƙugiyar da ke gefen kan, ta nuna min inda na ƙasan zai bi ta ƙarƙashin hannuwan kujerar duka biyu, ta kama hannuna ta ɗora kan cinyarsa tace ji nan, nan ne ya kamata ya kwanta ba kan cibiya ba. Bata karɓi ko sisi kan wannan ba. Na tuna ranar da muka shiga Sabon Gari ni da ke neman kujerar jarirai lokacin haihuwar Baffa, mai shagon kirki ne dashi amma abin da ya iya faɗa mana kawai wannan ƴar waje ce wannan kuma ta fi laushi, don shima ba wanda ya taɓa nuna masa.

To ga abin da zaki duba a jikin kowace kujera. Ki juya ta, a baya ko a ƙasa akwai sitika yawanci ruwan lemo, da babban harafin E cikin da'ira da lamba kusa dashi, lambar ƙasar da ta gwada ce, 1 Jamus, 4 Holan, 11 Birtaniya. Sannan zaki ga an rubuta R129 ko R44. R44 tsohon tsari ne da yake tafiya da nauyin yaro, bustarsa daga kilo 15 zuwa 36. R129 wanda ake kira i-Size shine sabon, ya fara a 2013, yana tafiya da tsawo, busta mai baya daga santimita 100 zuwa 150, kuma shi dole sai an gwada kujera da karon gefe kafin a amince da ita, abin da tsohon bai wajabta ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daina sayar da masu R44 tun Satumbar 2024, nan Ingila har yanzu kina iya cin karo dasu a shago. Ni R129 nake so Ummi ta samu, saboda ki tuna yadda ake shigowa mutum ta gefe a mahaɗar titunan Kano, ga ƴan adaidaita ga masu tifa, karon gefen nan shine namu na kullum, kuma fukafukan da ke gefen kai da ƙirji su ne ke tsakanin yaro da ƙofa.

Kuɗi kuma kar ya tsorata ki. Na ga masu baya na kirki tun daga wajen fam 40 zuwa 60, irin su Joie da Graco, na ga su Britax Römer da Cybex da Maxi-Cosi da suke haura 150 wasu har 200. Ƙungiyar direbobin Jamus ADAC tana gwada kujeru duk shekara da gwaji mai tsanani fiye da wanda doka ta nema, har yadin jikin suna dubawa ko akwai sinadari mai cutarwa, suna saka sakamakon a shafinsu kyauta, babansu ne ya riƙa fassara min a waya, kuma sau da yawa mai matsakaicin kuɗi tana yin kunnen doki da mai tsada. Abin da ake ƙara biya yawanci laushi ne da yadi mai shan iska da ɗan kwantar da baya. Akwai kuma ƙarafunan ISOFIX da suke kama kujerar da jikin mota, suna da daɗi amma a busta ba dole bane tunda bel ne mai aikin, in babu su sai dai ki riƙa ɗaure kujerar da bel ko ba kowa a kai, kar a taka birki ta taso ta daki na gaba. Motarku tunda ƴar Amurka ce ki zura hannu tsakanin mazauni da majingina na kujerar baya, in kinji ƙarfe guda biyu to akwai.

Amma abin da ya fi damuna da gida gwanjo ne. Nasan idan kika leƙa Ƙofar Wambai ko wajen masu kayan Kwatano zaki ga kujeru masu sunan manyan kamfanoni an wanke sun yi fes da araha, kuma ni bana ƙin gwanjo, rabin kayan sanyin yaran nan na hannu ne. Kujerar mota ce dai ban yarda ba. A nan duk kujerar da aka yi hatsari da ita cewa ake a jefar ko da ido bai ga komai ba, don in kika cire rigar zaki ga cikinta farin abin nan ne mai kama da wanda ake tokare talabijin dashi a kwali, shi ke shanye bugu, in ya tsage sau ɗaya ya gama aiki, kuma roba tana iya yin tsagar da ba'a gani. Wa zai gaya miki tarihin wadda ta biyo kwantena aka danne ta da firji da tayoyi? Ga shekaru kuma, roba tana tsufa, akwai ranar da aka ƙera ta a buge a ƙasan kujerar kamar ɗan agogo, kamfanoni suna faɗin iya shekarun da za'a yi amfani da ita a littafin da ke zuwa da ita, ta gwanjo kuwa ba littafi. Balle ranarmu ta Kano a watan Afrilu mota a ajiye a waje. Ko sabuwar ma in ta iso ki riƙa yafa mata farin zani in kun fita daga motar, ki kuma taɓa ƙarfen bel ɗin da hannunki kafin ki ɗaura mata don yana ƙuna.

Wasu ƙananan abubuwa da matar nan ta ja min kunne a kai. Busta bata aiki da bel ɗin cinya kaɗai irin wanda ke tsakiyar kujerar baya a tsofaffin motoci, dole mai ratsa kafaɗa. Yaro a baya zai zauna, nasan su ma ƴan Rod Sefti suna hana sa ƙananan yara a gaba, jakar iskar nan da take fashewa an yi ta ne don ƙirjin babba. Mu a nan sai mun cire musu jibgegiyar rigar sanyi kafin a ɗaura bel don tana hana shi kama jiki, ku sai dai lokacin hunturu, amma jakar makaranta a baya fa, na sha ganin yara a gida an sa su a mota da jakarsu goye, a cire ta. Shi kuma Baffa da yake shekara biyu ko kusa bai isa busta ba, shi mai ɗamara yake buƙata kuma mai kallon baya in da hali, dokar i-Size ta ce aƙalla har wata 15 amma a Suwidin har wajen shekara huɗu suke barin yaransu suna kallon baya saboda wuyan yaro bai yi ƙwari ba kansa kuma yana da nauyi. Maganarsa daban zamu yi.

Nasan abin da za'a ce miki, za'a ce iyayi ne, mu da muka tashi mu shida a bayan fijo Inna ta rungume ƙarami a gaba me ya same mu. Allah ne ya tsare kuma shi ke tsarewa har gobe, amma ni da ke mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda hanyar Zariya zuwa Kaduna, kuma ku kusan duk wata sai kun bi ta. Hannun uwa baya iya riƙe yaro in mota ta tsaya farat ɗaya tana gudu, fizge shi ake yi. In Mama ta ce a miƙo mata Ummi ta ɗora a cinya ki lallaɓa ta, ki ce ni na roƙa, zan kira ta da kaina ma na yi mata bayani.

Abba sai da ya yi kwana uku yana ƙorafi, yanzu kuwa da kansa yake hawa ya zura bel yana cewa kujerar direban jirgi ce, in barci ya ɗauke shi kansa yana jingine cikin fukafukan nan baya faɗowa.

Yanzu abin da nake so dake, yau ɗin nan ki tsayar da Ummi jikin bango ba takalmi, ki ɗora littafi a kanta ki ja layi, ki auna da tef ɗin tela ki turo min a santimita, in akwai sikeli a kemis ɗin layinku a auna nauyinta ma. Ki ɗauko min hoton kujerar bayan motar da bel ɗin a ja, gefe biyun da tsakiya. In ta kai 100 zan siya mata irin ta Abba sabuwa a kwalinta na bada kargo ƙarshen watan nan, in bata kai ba sai na nemo mai ɗamara wadda daga baya ake cire ɗamarar ta koma busta. In ta iso karki yarda kowa ya ɗaura sai mun yi bidiyo kol ina kallo. Ki gaida Mama da kyau, kice mata man zafin nata yana cikin kayan.