Hattara da 'yan damfarar faraima da albarushi, ku masu ɗura harsashin .45-70

Assalamu alaikum. Saƙon nan na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka da suka shiga harkar farautar barewa, musamman masu riƙe da bindiga mai liba (ƙarfen da ake ja ƙasa a mayar don shigar da harsashi) irin Marlin 1895, ko Henry, ko Winchester 1886, waɗanda ke ɗura harsashinsu da hannunsu a gida. A jihar Ohio ranar Litinin da ke bin bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba ake buɗe makon farauta da bindiga, kuma daidai wannan lokaci ne 'yan damfara ke baza tarkonsu. Wani abokin farautarmu ya tura musu kuɗin faraima guda dubu biyar (faraima shi ne ɗan ƙaramin ƙoƙon da ke gindin kwanso wanda allurar bindiga ke doka ya kunna albarushi), har yau ko kwalin banza bai gani ba. Shi ne ma ya tsira da sauƙi, zan faɗi dalili a gaba.

Abin ya samo asali ne daga 2020. A shekarar, hukumar FBI ta yi binciken masu sayen bindiga kusan sau miliyan 40, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Harsashi ya ɓace daga kantuna. Kamfanin Remington ya durƙushe aka yi gwanjonsa, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Arkansas ta koma hannun Vista Outdoor, Ruger kuma ya sayi Marlin a kan kusan dala miliyan 30. To faraima kuwa, kamfanoni huɗu ne manya ke yin sa a ƙasar: CCI, Federal, Winchester da Remington. Su kuma duk masu yin harsashi ne, don haka nasu aikin suka fara ciyarwa kafin su tuna da masu ɗuri a gida. Kwalin dubu ɗaya da ake saye dala 30 da 'yan kai ya koma dala 100, wani wurin ma fiye, in ma an same shi. Cikin wannan ƙishirwa shafukan bogi suka tsiro, kuma ko da kaya suka fara dawowa kasuwa, su ba su tafi ba. A rufe wannan yau, gobe ya buɗe da sabon suna.

Yadda suke aiki ba wani mai zurfi ba ne. Za ka rubuta sunan faraimar babbar bindiga ko albarushin H4198 a Google, sai ga shafi tsaf-tsaf, da hotunan da aka kwaso daga shafukan dillalan gaskiya, wani lokaci har da tambarin kamfanin da ke yin kayan. Komai akwai. Abin da dillalan gaskiya irin MidwayUSA da Brownells da Powder Valley suka rubuta wa "ya ƙare", shi yana da shi jibge, kuma a rabin kuɗi. Ka cika kwando ka zo biya, sai a ce katin banki ba ya aiki yau, ka tura ta Zelle, ko Cash App, ko Bitcoin, ko ka sayi katin kyauta ka turo lambarsa. Nan ya kamata mutum ya rufe shafin ya tashi. Zelle da kansu sun faɗa cewa ba su da kariyar mai saye, hanya ce ta tura kuɗi ga wanda ka sani. PayPal kuwa dokarsa ta haramta cinikin harsashi, shi ya sa ɗan damfara zai ce ka tura a matsayin kyauta ga aboki ko ɗan'uwa, inda ba ka da bakin neman a dawo maka da ko sisi. Bayan ka biya sai wasan ya shiga zagaye na biyu: saƙo zai zo wai daga kamfanin jigila, kaya sun maƙale, a biya kuɗin inshora wanda "za a mayar" idan kaya sun iso. Abokinmu sai da ya biya wannan ma.

Akwai alama guda da ba ta ƙarya. A Amurka gidan waya ba ya ɗaukar albarushi ko faraima ko harsashi, haramun ne a aika su ta can. Albarushi da faraima ana kai su ne ta motocin kamfanonin jigila na UPS ko FedEx a matsayin kaya masu haɗari, kuma dillalin gaskiya yakan ɗora kuɗi na musamman a kan haka, dala 20 ko fiye, ban da kuɗin jigila. Duk wanda ya ce zai aiko maka da albarushi ta gidan waya, ko ta jirgi ya iso gobe da safe, bai taɓa sayar da albarushi ba a rayuwarsa. Haka wanda ya ce yana aikawa "ko'ina a duniya". A nan zan ɗan tsaya saboda na gida da ke karanta wannan: fitar da irin waɗannan kaya daga Amurka sai da lasisin gwamnati, kuma a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana shigo da harsashi ko riƙe shi ba tare da izini ba. Wanda ya yi maka alkawarin kai maka har Kano ko Maraɗi, ko dai zai cinye kuɗinka, ko ya jefa ka hannun kwastan.

Sauran binciken minti biyar ne. Duba ranar da aka yi wa shafin rajista a ma'adanar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet. Kamfanin da ke iƙirarin shekara ashirin a kasuwa amma shafinsa watansa uku, ka san inda aka dosa. Sanya adireshinsu a taswira, sau da yawa fili ne ko gidan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kira lambar wayar. In sun ce WhatsApp kawai suke amsawa, ka gama bincike.

Yanzu ga dalilin da na ce abokinmu ya tsira da sauƙi. Shi kuɗi kawai ya rasa. Akwai wani rukuni da suke aiko da kaya da gaske, kuma su ne suka fi ba ni tsoro. Su ne masu tallar albarushi a cikin robar da ba ta kamfani ba, an manna takarda an rubuta suna da alƙalami, da masu sayar da harsashin .45-70 da suka ɗura da kansu a leda, a teburin baje-kolin bindigogi ko a saƙon sirri na Facebook, duk da cewa Facebook ya hana irin wannan ciniki tsakanin ɗaiɗaikun mutane. Za su ce maka "mai zafi ne, ko beyar yana kayarwa". Doka ta ce mai ɗura harsashi don sayarwa a matsayin sana'a sai ya mallaki lasisin tarayya na masu ƙera harsashi, aji na 06. Tambaye shi nasa. Yawancinsu za su canza magana.

Me ya sa .45-70 ya fi sauran haɗari a wannan fanni? Saboda tsufansa. Sojojin Amurka ne suka karɓe shi a 1873 don bindigar Springfield mai buɗewa ta sama, wadda ake kira Trapdoor. Sunan ma daga can ya fito: faɗin baki .45, da giren 70 (ma'aunin nauyi ne) na baƙin albarushi. Yau kwanso ɗaya ne ke shiga bindigogi masu ƙarfi daban-daban, shi ya sa littattafan ɗuri na kamfanoni irin su Hodgdon ke raba ma'auninsa gida uku. Akwai na tsohuwar Trapdoor, akwai na bindiga mai liba ta zamani kamar Marlin 1895, sannan akwai na masu ƙarfin gaske irin Ruger No. 1, wanda matsinsa ke kusan ninka na farko. Daga waje ukun nan kamar an tsaga kara. Babu idon da zai bambanta su. Harsashin da wani ya ɗura wa Ruger No. 1 zai shige bindigarka lafiya lau, libar ta rufe, sai ka ja kunama ka ji labari. Kamfanonin kirki da ke yin harsashi mai nauyi, irin Buffalo Bore, suna rubuta wa a kwali irin bindigogin da aka yarda a sa shi. Mai leda ba ya rubuta komai.

Sannan kwanson yana da faɗin ciki, don an yi shi ne saboda baƙin albarushi mai cin wuri. Idan mutum ya yi amfani da albarushin zamani mai saurin ci wanda kaɗan ake zubawa, ya kuskure ya zuba sau biyu, kwanson zai haɗiye ba tare da ya cika ya zube ba. Wanda ke ɗura wa kansa yana leƙa kowane kwanso da tocila kafin ya ɗora kai, wato dalmar harsashin. Wanda ke ɗura ɗaruruwa don ya sayar kafin kaka ta wuce, wa ya tabbatar maka ya leƙa?

Ga kuma batun bututu. Bindiga mai liba tana jera harsashi ne a bututun da ke ƙarƙashin hancinta, kan wannan yana taɓa faraimar na gabansa. Shi ya sa ake sa kai mai faffaɗan baki, ba mai tsini ba, domin da ƙarfin tokarin .45-70 tsini na iya kunna na gaba a cikin bututun, daidai inda hannunka na hagu yake. Hornady sun fito da kan FTX mai tsinin roba mai laushi saboda wannan matsala, amma shi ma kwansonsa an ɗan rage masa tsawo. Na ga masu tallar "kwanson .45-70 da aka harba sau ɗaya" sun cakuɗa gajeru da dogaye a buhu guda. Wannan ba lalle mugunta ba ce, wani lokaci jahilci ne, amma sakamakon ɗaya: bakin kwanso ba zai kama kai yadda ya kamata ba, kai ya nutse ciki saboda tokari, matsi ya hau.

Albarushin da ke cikin robar da ba ta kamfani ba kuwa ba a ma tsaya ciniki. Ba a gane albarushi da ido. H4198 da IMR 4198 lambarsu ɗaya, kamfani ɗaya ke sayar da su tun da Hodgdon ya sayi IMR a 2003, amma kowanne da nasa ma'aunin a littafi. Idan waɗannan biyun ba a musanya su kai tsaye, ina ga wanda ba ka san asalinsa ba, mai yiwuwa ma ragowar gwangwani uku aka juye wuri guda? Na gaskiya yana zuwa ne a mazubin kamfani, murfi a like, da lambar rukunin da aka yi shi. Araha ba ta ado, a nan kuwa yatsu take ci.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa nan take, ya adana hotunan duk saƙonnin, ya kai ƙara shafin IC3 na FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet da na FTC, hukumar kare masu saye. Kada ya ji kunya, kuma kada ya saurari wanda zai biyo baya ya ce zai ƙwato masa kuɗin idan ya biya wani abu. Sau da yawa mutanen farko ne suka sake riga. Wanda kuma ya riga ya sayi harsashin leda, kada ya ce bari ya gwada guda ɗaya ya gani. Ya cire kawunan da abin cirewa, ya ajiye kwanso da dalma idan suna da kyau, albarushin kuma ya tuntuɓi ofishin kashe gobara ko na 'yan sandan yankinsa su faɗa masa inda ake miƙa shi.