Shokazoba da sifirin na Old Man Emu a kan tsohuwar Land Cruiser 80

Jama'a duk mai tsohuwar Land Cruiser 80, irin wadda anka ƙera tsakanin 1990 da 1997, in bayanta ya fara zama ƙasa ya nemi kayan Old Man Emu, na kamfanin ARB ne na Ostareliya. Ni a gida na ɗaura nawa da jak da sifana, yaron bakanike na kama min, don sifirin ɗinta mai naɗi ne gaba da baya, ba shi da wuyar cirewa, notin shokazoba na sama ne kawai ke son a jiƙa shi da mai tun dare saboda ƙurar Sakkwato ta riga ta cinye shi.

Motar ta tashi kamar inci 2, gargadar hanyar ƙauyukan Tangaza da ke sa ta rawa kamar kwalekwale yanzu lafiya lau take bi wallahi, ko da buhunan albasa a baya.

Amma fa kuɗinsu ba wasa ba. Kuma sifirin kala-kala ne gwargwadon lodi, wanda ba ya ɗaukar kaya kar ya sayi mai tauri, zai sha jijjiga. In an ɗaga mota a canza bushin na gaba, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, a je a yi alaimen a saita tayoyi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa yawo.