Shagon tayil da fenti a Ƙofar Ruwa: abin da na gani bayan shekara guda

Da gangan na jinkirta wannan rubutu. Ranar da masu aiki suka kwashe kayansu kowane gida kyau yake yi, don haka na bari sai da gidan Ummanmu ya ga hunturu, ya ga zafin bazara, ya kuma sha ruwan Agusta. Yanzu ya ga duka ukun, zan iya magana a kan shagon da na sayi kayan.

Gidan tsohon gini ne a cikin birnin Kano. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi tarazo (daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa ya yi sumul) a zaure, sauran ɗakunan kuma siminti ne da leda a kai. Ledar ta yayyage, simintin ya farfashe, bangon falo na ɓangaren waje kuma ya kumbura daga ƙasa yana zubar da wani farin gari kamar kanwa. 'Yan'uwana suka haɗa kuɗi, ni da nake kusa aka ɗora wa tsayuwa a kan aikin. Ni malamar makaranta ce, ranar Asabar kaɗai nake da sarari, shi ya sa nake neman wurin da zan sami tayil da fenti a zuwa ɗaya. Birkilanmu ne ya kwatanta mini wani shago a kasuwar Ƙofar Ruwa, mai ƙofa biyu, ɗaya tayil ɗaya fenti, wa da ƙani ne ke riƙe da shi.

Na je da hoto a waya: farin tayil mai sheƙi kamar madubi, bango ruwan toka, irin wanda ake yayi. Na miƙa wa Alhajin, wato wan, mai ɓangaren tayil, ya duba, ya mayar mini da wayar ya ce, "Malama, wa zai zauna a gidan?" Na ce mahaifiyarmu, sai jikoki da ke zuwa ƙarshen mako. Ya tambayi shekarunta, na ce ta haura 70, tana kuma fama da ciwon gwiwa. Bai ƙara cewa komai ba, ya sa yaron shago ya kwantar da tayil biyu a ƙasa, mai sheƙin da wani mara sheƙi, ya ɗauko butar alwalarsa ya tsiyaya musu ruwa. "Cire takalmi ki taka, amma ki dafa kanta." Ina ɗora ƙafa a kan mai sheƙin na ji ta tafi. Ɗayan kuwa ya riƙe tafin ƙafata.

"Hajiya sau biyar za ta yi alwala a rana, ta fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa," in ji shi. "Idan kin nace zan sayar miki, amma ba da shawarata ba."

Wannan kaɗai ya isa in yaba wa shagon, domin mai sheƙin ya fi tsada, ribarsa ta fi yawa a can. Kuma gaskiya ya faɗa. Karayar ƙugu ga tsohuwa ba ƙaramin abu ba ne, mun ga yadda ta kwantar da wata gwaggonmu har ƙarshen rayuwarta.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne a fara da ƙasa, fenti ya biyo baya. Dalilinsa mai sauƙi: launin tayil ɗin da ke kasuwa ƙidayayye ne, fenti kuwa ana iya haɗa kowane launi. Kuma fenti bayan 'yan shekaru za a sake shi, tayil kuwa idan ya zauna ya zauna, cire shi sai da fasa da ƙura da sabon kuɗi. Ni da na zo da launin bango a kaina ina neman tayil da zai bi shi, ashe ta baya na ɗauko abin.

Mun tsaya a kan tayil nau'in fosilin mai faɗin santimita 60 da 60, ruwan ƙasa mai haske, da ɗan ɗigo-ɗigo kamar yashi. Ya nuna mini yadda ake bambanta fosilin da siramik ba tare da dogaro da bakin mai sayarwa ba: a juya bayan tayil a ɗiga ruwa. Siramik zai shanye nan take, fosilin kuwa ruwan zai tsaya a kai, saboda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Na gida muka ɗauka. Akwai masana'antun tayil a Ajaokuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun, kuma ga na Sifen da Italiya a jingine a shagon, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. Bai kushe na gidan don ya tura ni ga na waje ba. Ya ɗauko guda biyu ya haɗa fuskokinsu don in ga ba su lanƙwashe ba, ya ce haka zan yi wa kowane tayil kafin in biya.

Lissafin ma a gabana ya yi. Falon mita 5 ne da 4, wato murabba'in mita 20. Kwali ɗaya na wannan girman guda 4 ne a ciki, yana rufe murabba'in mita 1.44, ke nan kwali 14. Ya ce in ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 16, sannan a ƙara na gindin bango, wanda daga tayil ɗin ake yanko shi, tsayin santimita 10. Irinsa muka shimfiɗa a falo da ɗakuna biyu da baranda, ba a canza ba ko a bakin ƙofa. Wannan ne ya sa gidan ya zama abu guda, har ƙanwata da ta zo daga Zariya ta ce kamar an ƙara masa faɗi. Banɗaki kaɗai aka sa wa ƙanana masu kaushi, saboda sun fi sauƙin karkatarwa zuwa magudanar ruwa.

Launin ruwan ƙasan nan shi ne abin da na fi gode wa Allah a kai. Duk wanda ya san hunturun Kano ya san ana shara da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwanciya. A kan fari ko baƙi kowane sawu sai ya fito. A kan namu ƙurar da tayil ɗin kusan launinsu ɗaya. Haka ma abin cike tsakani: mai shimfiɗa tayil ya so ya zuba farin siminti kamar yadda aka saba, Alhaji ya ce cikin wata biyu zai yi baƙi, ya ba mu mai launin ƙasa. Ranar da aka kammala, Umma ta tsaya a ƙofar falo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya tuna mata da ɗakin mahaifiyarta a ƙauye, lokacin da mata ke taruwa su yi daɓe, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi duhu. Ban taɓa jin wannan labarin daga bakinta ba sai ranar.

A ɓangaren fenti ƙanin ne ya karɓe ni, kuma shi ma da tambaya ya fara. Da na nuna masa hoton bangon da ya kumbura, ya ce kada in sayi ko galan ɗaya tukuna. Farin garin nan gishiri ne da danshi ke fitowa da shi daga cikin bulo, kuma duk tsadar fenti ba zai zauna a kan jiƙaƙƙen bango ba. Muka bincika, ashe indararon ne ya tsage, ruwa na bin bango yana taruwa a gindi. Aka gyara shi, aka kankare filastar har kan bulo, aka yi sabuwa. Ya ce a ba ta mako 4 ta bushe. Mai fentinmu ya yi ta ƙorafi yana son ya gama ya tafi wani aiki, ni kuma na tsaya a kan maganar shagon. Bayan nan aka yi shafin farko, wanda suke kira firaima, aka gyara fuskar bango ta yi sumul, sannan fenti shafi biyu. Damina ta zo ta wuce, bangon bai tashi ba.

Launin ruwan toka da na ƙwallafa rai a kai, shi ma gwaji ne ya raba ni da shi. Ya ba ni ƙananan gwangwanaye uku, ya ce in shafa kowanne a bango kusa da tayil ɗin, in duba da hantsi, in duba bayan la'asar, in duba da daddare. Ruwan tokar da rana ba laifi, amma a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki sai ya koma shuɗi-shuɗi, ya yi faɗa da ƙasan. Ruwan madara ne ya zauna lafiya a kowane lokaci. Launi uku kacal muka yi wa gidan gaba ɗaya: ruwan madara a bango, fari a silin, ruwan makuba a ƙofofi da tagogin ƙarfe. Wannan na ƙarshen Umma ce ta zaɓa.

Falo da baranda Dulux muka sa, na kamfanin CAP da ke Legas, nau'in satin mai ɗan sheƙi kaɗan wanda ake iya gogewa. Ɗakunan kwana muka yi da mai sauƙin kuɗi, tunda hannu bai cika taɓa su ba. Jikoki sun zana fensir a bangon falo, hannun miya ma ya hau, tsumma da ruwan sabulu suka ɗauke. Sai dai a sani, satin ba ya rufa wa bango asiri, duk inda filasta ta yi tudu sai haske ya nuna shi. Ya kuma gargaɗe ni in duba murfin kowane bokiti ba a taɓa buɗe shi ba, kuma in kasance a wurin lokacin da mai fenti zai sirka, kada ya wuce adadin ruwan da aka rubuta a jikin bokitin. Yawan ruwa na cikin abubuwan da ke sa fenti ya riƙa bin rigar mutum kamar alli.

Inda suka ba ni haushi shi ne kawo kaya. An yi alkawarin Asabar da safe, akori-kurar ba ta iso ba sai Litinin bayan azahar, mai shimfiɗa tayil da yaransa suka yi zaman kwana biyu, kuma ni na ciyar da su. Da aka sauke, kwali 3 lambar gashinsu ta bambanta da sauran. Tayil iri ɗaya ne, amma kowane gashi da ɗan bambancin launinsa, idan aka jera su sai ka ga wasu sun fi duhu. Alhajin da kansa ya koya mini duba wannan lamba a jikin kwali, sai ga yaransa sun yi sakaci a wurin lodi. Sun canza ba gardama, har da guda 5 da suka fashe a hanya, amma kuɗin mota na biyu daga aljihuna ya fita, kuma har yau ina ganin bai kamata ba. Rasit ma sai na tambaya sau biyu. Farashinsu ya ɗan ɗara na maƙwabtansu, wannan ban damu da shi ba. Shagon kuma a cunkushe yake, babu inda mace za ta zauna ta natsu ta zaɓi kaya.

Shi kansa tayil ɗin yana da aibi guda: da hunturu sanyi gare shi ƙwarai, Umma kuma a ƙasa take zama ta yi lazimi. Sai da muka shimfiɗa mata kafet mai kauri a gefen gado. Da bazara kuwa kafet ɗin take naɗewa ta zauna a kan tayil ɗin.

Akwai guda ɗaya a bakin ƙofar kicin da idan aka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar ganga, alamar siminti bai cika ƙarƙashinsa ba. Wannan aikin mai shimfiɗawa ne, ba laifin shago ba, kuma ya ce zai dawo ya ɗaga shi. Kwali ɗaya da ya rage yana ƙarƙashin gadon Umma saboda irin haka, lambar fentin kuma na rubuta ta a bayan ƙofar sito. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ya tambaye ni, can nake kwatanta masa, tare da gargaɗin ya je da motarsa ya tsaya a kan lodi. Tarazon zaure ba mu taɓa shi ba. Alhaji ya zo ya gani da idonsa, ya ce a bar shi, a nemo mai injin gogewa kawai, kuma shi ne aikin da ke gabanmu bayan Sallah.