Yaya, ga gaskiyar maganar asibitin Hajiya a Amurka

Assalamu alaikum Yaya, ina fatan kuna lafiya, ya Anti da yara, ya sanyi ya fara? Hajiya na gaishe ku, jiki alhamdulillahi da sauƙi sosai, ƙafar nan da ke kumbura ta sabe, yanzu har zagaye take yi a harabar gidan bayan la'asar.

Na saurari muryar da ka turo har sau uku. Na ji ka ce idan ta zo bikin nan a Disamba a bar ta ta zauna ta yi azumi da ku, ta yi layya sannan ta dawo, kuma na ji inda ka ce ai asibiti a Amurka kyauta ne ga tsofaffi, ko yaushe ta dawo za ta ci gaba da ganin likita. Yaya wallahi ba haka ba ne, kuma laifina ne da ban taɓa zama na warware maka ba, kullum sai dai in ce lafiya lau. Shi ya sa yau na ce bari in rubuta dogo ka karanta a natse, ka nuna wa su Yaya Babba ma.

Tun kafin a ba ta biza sai da na sa hannu a wata takarda, I-864 sunanta, wadda a ciki na yi wa gwamnatin Amurka alkawari cewa ni zan ɗauki nauyinta, na kuma nuna abin da muke samu ya kai kashi 125 cikin 100 na mizanin talaucinsu. Wannan alkawari ba ya sauka daga kaina sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara aikin shekara 10 a nan, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya. Ta sauka a Maris 2024 da girin kad ɗinta, wato katin izinin zama na dindindin, shekararta 67, ga ciwon suga ga hawan jini, ni kuma a tunanina kawai zan ƙara sunanta a inshorar wurin aikina. Da na je ofis matar ta ce min inshorar ma'aikaci miji ko mata take ɗauka da 'ya'ya har su kai shekara 26, uwa ba ta ciki. Na fito na zauna a mota na kusa rabin awa ban tayar ba.

To abin da mutane ke ji a gida suna cewa kyauta ne abu biyu ne. Akwai Medicare na masu shekara 65 zuwa sama, amma wanda ya yi aiki a nan yana biyan haraji kimanin shekara 10 shi ne ke samun ɓangaren kwanciya asibiti ba tare da biyan kuɗin wata ba. Irin su Hajiya sai sun yi shekara 5 a zaune a ƙasar ba yankewa kafin ma a yarda su saya da kuɗinsu, kuma a farashin 2025 ɓangaren kwanciya dala 518 ne a wata, ɓangaren ganin likita dala 185, ka haɗa ka gani. Sai Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, shi kuma tun dokar 1996 sabon mai girin kad sai ya jira shekara 5. Wasu jihohin kamar Niyu Yok da Kalifoniya suna cike wannan giɓin da kuɗin jiharsu, shi ya sa wata ƙawata 'yar zangon Kumasi da ke zaune a Buronks a Niyu Yok babanta ya samu kati bai daɗe da zuwa ba. Mu nan Teksas babu wannan. Kowace jiha da nata tsarin, kamar ƙasashe daban.

Kafin ta taso na saya mata inshorar baƙi ta intanet, mai araha, na ji daɗi har na faɗa maka. Sai da na zauna na karanta ƙananan rubutun na ga duk ciwon da mutum ya zo da shi ba ruwansu da shi, wato suga da hawan jinin da su ne matsalarmu su ne aka cire. Don Allah duk wanda ka ji zai kawo tsohonsa ka ja masa kunne kan wannan.

Abin da ya cece mu shi ne Obamacare, dokar inshorar lafiya ta 2010. A ƙarƙashinta tun 2014 kamfani ba shi da ikon ƙin mutum ko ƙara masa kuɗi don yana da ciwo, kuma mai girin kad zai iya shiga ko jiya ya sauka, ana ba shi kwana 60 ya yi rajista ba sai ya jira lokacin da ake buɗewa a Nuwamba ba. Amma shekaru suna ƙara kuɗi, tsoho ana iya cajinsa ninki uku na matashi, don haka kuɗin Hajiya ita kaɗai in ba tallafin gwamnati ya haura dala 1,000 a wata. Tallafin kuma da yake tana cikin takardar harajinmu, abin da ni da Baban Amira muke samu ake dubawa, ba a duba cewa ita ba ta da ko sisi. Tsarin inshorar hawa-hawa ne, akwai na tagulla, na azurfa, na zinare. Na tagulla ya fi sauƙi a wata amma sai ka kashe dubbai daga aljihunka kafin inshorar ta fara sa hannu, wannan na mai lafiya ne da ba ya zuwa asibiti. Mai suga da ke gwajin jini duk wata uku, ga likitan ido ga na ƙafa ga na ƙoda, na azurfa ya fi mana. Abin da ke kwantar min da hankali akwai iyaka, a 2025 in abin da ka biya da hannunka ya kai dala 9,200 sauran na kamfani ne har shekara ta ƙare, in dai asibitin da suke hulɗa da shi ka je. Yanzu haka ina cikin sabunta mata na baɗi kuma gabana na faɗuwa, don ƙarin tallafin da aka kawo a 2021 wa'adinsa ƙarshen 2025 ne.

Magani kuwa abin zai ba ka mamaki, shi ne mai arahar. Metformin ɗinta da lisinopril suna cikin jerin magungunan dala 4 na Walmart, na wata uku dala 10, kuma ba ka fargabar jabu ne ko ya sha rana a shago. Sai dai ba kamar gida ba da za ka aiki yaro kemis da kwalin tsohon ya karɓo, nan ba takardar likita ba magani, ko kuka za ka yi. Ganin likitan shi ne tsadar. A gida ka san yadda yake, a yanki kati, a rubuta maka ka je ka sayo sirinji da ruwa da safar hannu, ba kuɗi ba aiki, amma dai kana ganin abin da kake biya da idonka. Nan babu mai tambayarka kuɗi a lokacin, da fara'a za a karɓe ka, bayan sati uku takardu su fara shigowa akwatin wasiƙa, ta asibiti daban, ta likita daban, ta ɗakin gwaji daban.

Na gani da idona a azumin bana. Hajiya ta ƙi jin maganar likita ta ɗauki azumi a ɓoye, wajen ƙarfe huɗu na same ta a kan sallaya gumi ya jiƙa mata hijabi, hannunta na rawa, tana kirana da sunan marigayiya Gwaggo. Na soka mata abin gwajin suga na ga 48, ya faɗi ƙasa sosai. Na ɗura mata lemo da cokali muka tafi ɗakin gaggawa da motata don na san kuɗin ambulan. Gaskiya ba su tsaya tambayar komai ba, doka ce tun 1986 dole su duba mai neman agajin gaggawa ko yana da kuɗi ko babu. Sai wata nas ta turo wani allo mai taya ta danna, kawai muka ji murya ta ce, sannu Hajiya, ina ke miki ciwo? Tafinta ne Bahaushe, daga jin harshensa ɗan Nijar ne, kuma ba a caje mu kuɗinsa ba. Hajiya ta kalle ni ta kalli allon, hawaye suka zubo mata, ta shiga ba shi labari tun daga sahur. Awa biyar muka yi aka sallame mu. Takardar da ta biyo baya ta haura dala 4,000, da inshora ta yi nata abin da ya rage a kaina na roƙa aka raba min wata-wata, sai watan jiya na gama. Ban faɗa muku ba don kar hankalinku ya tashi ana tsakiyar azumi.

Akwai ƙananan asibitocin unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, su gwargwadon samunka suke caji kuma ba sa korar marar inshora, can wasu 'yan uwanmu ke kai iyayensu. Suna ƙoƙari wajen awon jini da rubuta magani, amma ranar da aka ce kwanciya ko wankin ƙoda, Allah ya kiyaye, ba su da wannan. Shi ya sa ko me zan rage a gidan nan ba zan taɓa kuɗin inshorarta ba.

Yanzu ga inda maganar bikin ta shigo. Shekara biyar ɗin nan da muke ƙirgawa za su cika a Maris 2029, kuma so ake a ga nan ne mazauninta. Mai girin kad in ya wuce wata shida a waje ana iya cewa zamansa ya yanke, ƙirgen neman zama ɗan ƙasa ya koma baya, a filin jirgi ma a tsare shi da tambayoyi, in ya kai shekara kuwa katin kansa yana cikin haɗari. Daga farkon Disamba zuwa bayan babbar sallah ka lissafa, mun taɓa wata shida ko mun gota. Kuma duk tsawon lokacin inshorar nan ba ta aiki a Kano, in wani abu ya taso aljihu ne, ni kuma nan ina ci gaba da biya.

Na san tana kewar gida, Yaya, ni nake ganinta. Da safe duk mun fita, ita kaɗai da rediyo a waya, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, ba mai tallan ƙosai, ba kiran sallah sai na waya. Wani lokacin in na dawo na tarar ta jera hotunan jikokinta a kan gado. Ba na son in zama wadda ta raba ta da ku, kuma ban fi ku iko da ita ba. Abin da nake roƙo ta zo bikin ta yi wata uku, ta fara azumi da ku in likita ya yarda, ta dawo kafin ƙarshen Maris. In kai ka faɗa mata za ta ji, ni in na faɗa sai ta ce na zama Ba'amurkiya.

Zan haɗo ta da maganin wata uku da abin gwajin suga da takardar likita mai bayanin komai, a ba Anti ta riƙe, a gwada ta safe da yamma a rubuta a littafi. Don girman Allah a hana masu kawo mata jiƙe-jiƙe da sassaƙe, likitan ƙoda ya ja mana kunne sosai, kuma a sa ido kan lemon kwalba da alkaki da nakiya ranar biki, ka san ba ta iya cewa a'a in an miƙo mata. Ka kira ni ranar Lahadi bayan isha'inku, lokacin ina gida, sai mu tsayar da ranar tikiti kafin kuɗin jirgi ya ƙara tashi.

A gaida kowa da kowa. Ƙanwarka.